Ina Zan Kai Shaho Ya Yi Gudu?

Filin shawarwari na Gwaggo Sauda, Ɗanbatta. Duk ranar kasuwa akan karanta wasiƙa ɗaya da amsarta a tsakar gidanta, ba a faɗin sunan mai ita.

Gwaggo Sauda, bayan sallama da gaisuwa mai yawa, don Allah don Annabi ki taimake ni, ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki yi dariya. Na san matan da ke zaune gabanki za su dara in suka ji a kan kare na ɓata tawada. Su yi abinsu. Ni dai dabara ta ƙare mini, kuma ke na ga ya dace in kawo wa kukana, tunda ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ni bazawara ce a wani ƙauye tsakanin Kunci da Ɗanbatta, ba sai na faɗi sunansa ba. Kakanninmu daga Barno suka zo. Mahaifina malami ne, shi ya koya mini riƙe alƙalami, saboda haka da hannuna na rubuta, ban yi wa kowa shifta ba. Mijina Kolo ya rasu da ranin nan, Allah ya jiƙansa. Manomi ne kamar kowa, amma in an kawar da amfanin gona yakan bi 'yan farauta. 'Yarmu ɗaya, Zara, tana aure can wajen birni. Ya bar ni da rumbu da 'yan awaki da gonar bayan gida, sai kuma karensa, Shaho.

Gwaggo, kada ki ɗauka ni mai son kare ce. Ranar da Kolo ya shigo da shi yana ɗan kwikwiyo a cikin burgami, sai da muka kwana ba ma magana. Na sha bin sa da muciya, kuma har yau bai taɓa tsallake bakin ƙofar ɗakina ba, kaskonsa daban, wurin kwanansa gindin rumbu. Ja ne siriri mai dogayen ƙafafu, kunnensa ɗaya a yage. Amma da na zauna takaba, 'yan gaisuwa suka watse, gidan ya yi tsit, shi kaɗai ke ɗaga kai in na fito tsakar gida. Shi ke hana kura awakina. Da haka da haka har na kama kaina ina yi masa magana, ina gaya masa tsadar gishiri da ciwon bayana. Ban san ranar da ya shiga raina ba.

To, kin san al'adar ƙasar nan. Da an yi ruwan shuka mai shela zai zaga da umarnin dagaci, kowa ya ɗaure dabbarsa sai an yi girbi. Da Kolo na raye ba wanda ke lissafa Shaho cikin abin ɗaurewa, don in suna tafe a gefen gona ba ya wuce dugadugan uban gidansa. Kullum bayan sallar asuba su fita, sai hantsi su dawo, karen na haki harshe a waje, ƙafafunsa jajir da ƙasa, jelarsa cike da ƙarangiya. Ya sha ruwa ya miƙe, ba ka ƙara jin motsinsa. Shekara da shekaru ina share jan ƙasar da suke shigo mini da ita ina mita, amma ko sau ɗaya ban ce Malam ina kuke zuwa ba. Ina ruwan mai surfe da niƙa da inda kare ke gudu? Yau ga shi ina neman wurin ido rufe, wanda ya san shi yana ƙarƙashin ƙasa.

Da aka yi shela na kafa masa turke kusa da na awaki na ɗaure shi, don ni abin da na iya ke nan. Akuya kika zuba mata harawa ta gode miki. Shi kuwa tun ranar farko yake zagaya turken nan har ya haƙa rami da ƙafa, yana wani kuka mai tsinka zuciya. Na ce to, bari in nema masa inda zai warware.

Ke ma kin san yadda ƙasarmu take. Gona na ƙarewa gona na farawa. Tsofaffi na cewa da can akwai daji daga bayan gari har inda ido ya tsaya, amma yanzu ko tabarma ba za ki shimfiɗa ba sai kin danne shukar wani. Itacen girki ma kara muke ƙonawa da kashin shanu. Inda babu gero akwai dawa, inda babu dawa akwai auduga ko baba, tsakaninsu kuma 'yar hanya ce da mutum biyu ba sa jerawa.

Na fara da burtali, hanyar shanun nan mai shingen aguwa dama da hagu. Na ga kamar an gina masa ne. Na kwance igiya, Gwaggo, da kin ga gudun da ya yi da kin yi hawaye, ni dai na yi. Sai kurege ya gilma, shi ke nan, ya bi ta wata kafa a shinge ya ɓace. Na kira sunansa har muryata ta dishe. A nan na tuna Kolo bai taɓa kiransa da baki ba in sun fita, yatsu biyu yake sawa a baki ya yi fito, ko karen na ina sai ya juyo. Sunan nan na cikin gida ne kawai. Ina tsaye ina rarraba ido garken Fulani ya kunno kai, shi kuma ya faɗo tsakiyarsu. Shanu suka firgita, wata mai ɗan maraƙi ta kai masa suka, makiyayin ya sauke masa sanda a haƙarƙari. Ya dawo wurina yana ɗingishi, ni kuma na sha zagi da Fillanci, Allah ya so ni ba na ji.

Kunya ta ishe ni in faɗi wannan, amma na gwada fiton. Na laɓe bayan rumbu, ni da furfurata, na sa yatsu a baki ina hurawa. Iska da yawu kawai ke fita. Wata rana da ya ɗan fito siriri, Shaho ya zabura ya miƙe tsaye yana duban ƙofar gida, ba ni yake duba ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka na ƙoshi. Ashe kuma wata maƙwabciya ta ji ta bayan danga. Kafin azahar zance ya gama gari, wai matar Kolo tana kiran iskoki tun da ta fita takaba. Mace da fito, kin san yadda ake ɗaukarsa. Ban sake ba.

Na kai shi fadama, masu lambu suka yo mini ca tun ban ƙarasa ba. Na bi da shi ta bakin kududdufi riƙe da igiya, ya fizge ya faɗa ruwan, mata na wanki, wasu na ɗiba. Ranar na ji kalmar najasa har ta fita mini ta hanci, wata ma kifar da tulunta ta yi a gabana don in gani. Filin idi shi kaɗai ne buɗaɗɗen wuri a garin nan, kuma ko a mafarki ba zan kai kare inda ake sa goshi ba. Akwai wani kufai yamma da mu, amma tsofaffin rijiyoyinsa sun rufta, ciyawa ta rufe bakinsu, jakin wani ya faɗa bara ba a fito da shi ba. Dajin gaske yana can arewa, tafiyar yini, kuma kowa ya san mahara sun kwashe mata masu itace a can, har yau ba labarinsu. In je ni kaɗai da kare? Gaba kura baya sayaki.

Ana cikin haka ya cinye igiyarsa. Ina can ina ciran ciyawa a gona, ban sani ba sai da na ji ihu. Maƙwabcina Sama'ilu yana da gero da ya kai gwiwa, ya yi baƙi ƙirin don kyau, zabinsa kuma suna ƙwai a ciki. Shaho ya faɗa ya bi zabin nan daga wannan kunyar gero zuwa waccan, ya kwantar da geron kamar an yi birgima, ya kashe uwar da ke kwanci, ya fasa ƙwan. Ya ɗauko ta a baki ya kawo ya ajiye a gabana yana kaɗa jela, a ganinsa aiki ya yi. Sama'ilu na biye da shi da fartanya a hannu. Mutumin kirki ne, shi ya haƙa kabarin Kolo, amma ranar ban gane fuskarsa ba.

Aka kai mu gaban dagaci. Na ba da kazata mai 'ya'ya a madadin zabuwar, na ba da haƙuri har gwiwa a ƙasa. Dagaci ya ce albarkacin mamaci ya bar maganar gero, amma daga yau duk wanda ya ga karen nan a sake, ko a gona ko a hanya, ya kashe shi, ba ƙara ba shari'a. Ya faɗa a gaban jama'a. Samarin gari har sun fara yawo da gora suna leƙen dangata.

Yanzu yana ɗaure da igiya riɓi biyu, gajeriya, don kada ya sami inda zai tauna. Ya daina zagaye, ya daina kuka. Wuyansa ya saluɓe, ƙuda na bi. Na ba shi ƙanzo da romo ya kau da kai, na dama masa kunu da nono ya shinshina ya koma ya kwanta. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. In na zo kusa yakan buga jela a ƙasa sau ɗaya, shi ke nan gaisuwar. Gero ko bunni bai fara ba, girbi na da nisa, kuma wallahi ban ga alamar zai kai ba. In na sake shi a kashe, in na bar shi ya mutu a hannuna.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba. Kolo yana da aboki, Dabo, maharbi ne, yana zaune a wata 'yar unguwa a bakin wani ɗan daji can nesa ta yamma. Ranar sadakar uku ya aiko a ce mini in karen ya yi mini nauyi zai karɓa. Ko makara ba a mayar masallaci da kyau ba, har an fara rabon abin mamaci. Raina ya ɓaci, na aika masa da amsar da ba ta da daɗi, tun daga nan ko gaisuwarsa ba na amsawa. Ba zan ba shi ba. Abin da ya rage mini na Kolo mai numfashi ke nan.

Gwaggo, ke kin ga jiya kin ga yau, mutane daga ko'ina suna zuwa miki. Ko kin san wani fili a ƙasar nan, ko ɗan ƙanƙane, inda kare zai yi gudu bai taka shukar kowa ba, ba a kuma kashe shi ba? In babu, ki gaya mini yadda zan yi. Na bai wa mai tallar kanwa takardar nan, shi zai dawo mini da amsa.

Ni ce, mai kare a turke.

*

'Yata, amin wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kolo, ya ba ki ladan haƙuri. An karanta takardarki, an yi dariya a wajen fito, daga nan kuma ba wanda ya ƙara darawa.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Sama'ilu yana da gaskiya, dagaci ma haka. Geron da aka kwantar tuwon 'ya'yan wani ne na shekara, shelar ɗaure dabba kuma ita ta hana maƙwabta kashe juna da damina tun kafin a haife mu. Ba ƙiyayya ake yi miki ba. Shaho shi ma yana da gaskiyarsa. Karen farauta ne, malamai sun halatta riƙe irinsa don farauta da tsaron dabba, kuma duk abin da muka ɗaure mai rai Allah zai tambaye mu yadda ya kwana. Kuskurenki ɗaya, kin yi masa ɗaurin akuya. Akuya abinci take nema, shi kuwa ƙafarsa ce abincinsa.

Yau ɗin nan ki raba shi da turken. Ki sami doguwar igiyar rama ki ɗaure ta sama, daga rumbu zuwa bishiyar da ta fi nisa a gidanki, ki zura tasa igiyar a jiki yadda za ta riƙa zamewa, ya je ya dawo. Ki wanke wuyan da ruwan ɗumi da gishiri, ki shafa man kaɗanya, ki naɗa tsumma mai laushi inda igiya ke ci. Wannan ba gudu ba ne, amma zai riƙe shi kwana biyu.

Maganar fito, ni ban karanta inda aka ce yana kiran iskoki ba, amma ba ki da ƙarfin yaƙi da bakin gari, kuma ko kin iya, in ya ji fiton Kolo ne zai riƙa nema, ba ke ba. Ki yi masa kira naki. Ki ɗauki ƙoƙo da ludayi, duk abin da za ki ba shi, ko ruwa ne, sai kin ƙwanƙwasa tukuna, kullum iri ɗaya. Wanda ba ya dawowa in an kira shi ba shi da amintaccen fili ko da faɗinsa ya kai daga nan zuwa Kano.

Kufai da dajin arewa ki cire su daga ranki. Burtali na shanu ne. Amma filin da kike nema yana nan, ke da kanki kika faɗa. Jan ƙasa a ƙafa da ƙarangiya a jela ba na gona ba ne, na fako ne, irin tudun marmarar nan da ko an shuka ba ya fitowa, shi ya sa ba mai shi. Kuma ba shi da nisa, tunda ana zuwa a dawo tsakanin asuba da hantsi. Ni ban san shi ba, amma abokin farautar mijinki ba zai rasa sani ba. Mutumin da kika daina amsa wa gaisuwa shi ke riƙe da amsar takardarki. Ya yi gaggawar magana ranar sadaka, na yarda, maza ba su iya zaɓen rana ba. Ina kyautata zaton ya hango wannan daminar ce tun ke ba ki hango ta ba. Ki aika masa da goro da ban haƙuri.

In ya nuna miki wurin, kada ki je a ɓoye. Ki fara shiga gidan Sama'ilu, ki roƙe shi ya raka ki wajen dagaci, don bakin wanda aka yi wa ɓarna ya fi naki nauyi a can. Ku nemi a ɗage hukuncin a kan fakon kaɗai. Ki kai Shaho a ɗaure, ki dawo da shi a ɗaure, kuma ki tafi da wata dattijuwa, kada ki bi hanya ke ɗaya.

Sai dai ba zan rufe ki ba, 'yata. Mai yiwuwa dagaci ya ƙi. Mai yiwuwa Shaho ya ƙi ƙoƙon, ko ƙafarki ta kasa tafiyar kullum ga noma ga girki. Ki sa masa ido daga yau zuwa kasuwa biyu. In ya koma cin abinci, alhamdu lillahi, ku lallaɓa har kaka, gonaki su buɗe. In bai koma ba, ki kama igiyarsa da hannunki ki kai wa Dabo, kada ki jira sai ya kasa tafiya. Na san abin da zai bari a tsakar gidan nan in ya tafi, ni ma na binne miji, na san shirun da ake nufi. Amma shirun nan yana zuwa ko ta wace hanya. Gara ki riƙa jin labarin yana gudu a dajin wani da ki ja gawarsa zuwa bayan gari ke kaɗai.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba shi lafiya, ya sa a yi girbi kowa na gaisawa da maƙwabcinsa.

Gwaggonki, Sauda.